Akushi a Bakin Inji

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma. Surukina, uban maigidana, wanda gidanmu kakaf ke kira Baba, ya amsa kiran Ubangijinsa ranar wata Laraba da hantsi, yana zaune a inuwar da ya saba zama, carbinsa a kan cinya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Zaman makokin ya tara mutanen da gidan bai iya ɗauka ba. An zo daga Tasawa da Mayahi, dangin uwarsa sun zo daga Kona a kan amalanke. Wasu tsofaffin Fulani suka iso daga wajen Kanan-Bakashe da sandunansu, ba wanda ya aika musu, suka zauna can gefe suka yi addu'a. Ɗaya daga cikinsu ya ce shanun ubansa sun sha ruwa a garin nan shekarar da ko'ina babu ruwa, shi ya sa ya zo. Bai ƙara komai a kai ba, kuma duk cikin masu ta'aziyya maganarsa ce ta fi taɓa ni.

Ina daga cikin gida ina jin maza a zaure suna ta cewa, "Allah sarki, mutum mai sanyi." Saura kaɗan in yi dariya a tsakiyar kuka. Sanyi? Waɗannan da furfura suka san shi. Baban da na tarar mutum ne mai zafi, mai gardama, wanda in ya ce e, ko garin duka ya ce a'a ba ya motsi.

Da hira ta yi hira sai suka gangaro kan labarin injin famfon garinmu, kamar yadda na san za su yi. Wani ya ce addu'a Baba ya tofa, injin ya durƙusa. Wani ya ce da tafin hannunsa ya shaƙe shi. Wani kuma ya rantse yana tsaye a bakin ƙofa aka yi komai, alhali da idona na ga takalminsa ɗaya a kan yashi bayan ya ranta a na kare. Ni da nake cikin ɗakin injin ba wanda ya leƙo ya tambaye ni. To, jikokinsa suna girma, kuma ba na so su gaji waliyyi ko jarumin tatsuniya a madadin kakansu. Ga abin da na gani.

Tsakanina da Baba kunya biyu ce. Ni matar ɗansa ce, ɗan nan kuma ɗan fari ne, wanda shi kansa ba a kama sunansa a bakin uba. Don haka tun da aka kawo ni gidan, bayan fari na farko da ya ƙone mana gonaki, Baba bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ni kuma ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Ƙafafunsa na sani. Na san faso a dugadugansa, na san babban yatsan hagu da farcensa ya tsage. In na kai masa abinci sai in durƙusa daga nesa, in ajiye akushi, in ja da baya.

Amma mutum mai magana irin Baba ba ya iya yin shiru, sai ya nemo hanya. Muna da wata jar akuya da ke ɗaure a gindin rumbu, ita ya mayar 'yar aike.

"Ke akuya," sai ya ce, da murya yadda har maƙwabta za su ji, "gaya ma baƙuwar ga miyar jiya ta yi gishiri, sai ka ce daga Bilma anka ɗebo ta."

Ni kuma in dubi akuyar in ce, "Ki ce an ji, za a gyara."

Baƙuwa yake ce mini, har na haifi 'ya'ya a gidan ban tashi daga baƙuwa ba. Lokacin da na yi wata haihuwa mai wuya na kwanta jinya, ya taka da ƙafa har kasuwar Urafan ya sayo nama, ya zo ya rataye a bakin ɗakina. Ya ce wa akuya wani sakarai ne ya yar da shi a hanya, shi kuma ba ya son a yi asara.

Da ƙuruciyarsa karen mota ya yi, daga baya ya zama direba, zamanin da manyan motoci ke kwasar gyaɗa daga ƙasarmu. A can ya san inji, a can kuma ya daina yarda da shi. "Inji bai da mutunci," yakan ce. "Ka shekara kana ba shi mai kana shahe shi, ranar da ya haukace bai san ka ba." Ya taɓa ganin injin wata mota ya ƙwace a tasha har ya tarwatse, wani guntun ƙarfe ya sami mai sayar da goro da ke zaune abinsa a gefe. Ba ya son ba da labarin, sai in yana son ya tsorata mutum ya yi hankali.

Sai fari na biyu ya zo, lokacin da soja ke mulki. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har aka kai mata na kwana bakin rijiya su dawo da rabin tulu na laka. Akuyar nan ma sai da aka sayar da ita, Baba ya koma ba turmi saƙonsa zuwa gare ni. Abincinmu ya zama jar dawar taimako, tuwo sau ɗaya a yini, shi ma in an samu.

Abin da ya riƙe garin shi ne famfon da gwamnati ta haƙa mana a gabas da gari. Ɗan ɗaki ne na siminti mai rufin kwano, a ciki akwai injin gazuwal, wato dizal, da ke juya famfon da wata doguwar igiyar roba, a waje kuma ga tanki da kwamin shayar da dabbobi. Maigidana aka ɗora a kan kula da shi. Baba ba a ba shi muƙamin komai ba, amma tun ranar da aka kafa injin ya ɗauke tabarmarsa ya mayar gindin bishiyar da ke gaban ɗakin. Can nake kai masa abinci.

Abu na farko da ya yi shi ne ya samo katako mai kauri, faɗinsa kamar faifai, ya goge shi sumul, ya kafa ƙusa a bango daidai inda injin ke shan iska, ya rataye. Da yamma a tsakar gida ya yi wa ɗansa bayani, ina tankaɗe ina ji.

"Kai mai famfo, saurara. Wanga ba injin esansi ba ne, mai shan hetur, da ake kashe ma wuta. Bai da wuta. Mai da iska, su kaɗai ya sani. In ya kai bakinshi ga baƙin man da ke cikinshi ya fara sha, ko ka ruhe gazuwal bai san kana yi ba. In ya sha shi ƙara gudu, in ya ƙara gudu shi ƙara sha, har shi hwashe. Abu guda ya rage maka, ka toshe mishi hanci. Ba da tsumma ba, haɗiyewa shikai. Ba da hannu ba, in kana son hannunka. Katakon can, kada in ga ya bar ƙusarshi."

A wannan shekarar ne suka yi rigimar da ba a taɓa yin irinta a gidan ba, shi da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami. Garuruwan da ke kewaye da mu sun fara watsewa. Kullum sai ka ga ayari sun wuce kudu, tukwane a ka, tsofaffi a kan jakuna. Baba Ƙarami ya ce mu ma mu tashi tun ƙafafu na iya ɗaukar mu.

"Yaya, ƙarhe ka dogara da shi? Kai da bakinka ka ce bai da mutunci. Ranar da ya tsaya, wa za shi ɗauki tsohuwa da jarirai kwana da kwanaki babu ruwa?"

"Waɗanda sunka tahi, ka ga wanda ya komo da labari mai daɗi?" in ji Baba. "Bara za ka kai su su yi a birni. Muddin injin ga na numhwashi, ba inda za ni, kuma ba inda kowa za shi."

Bai tsaya a gida ba. Ya bi zaure-zaure yana faɗa wa magidanta su zauna, ruwa ba zai yanke ba, shi ya ɗauka a wuyansa. Mutane da yawa da suka riga suka ɗaure kaya suka kwance saboda maganarsa. Jakunan da za su ɗauke su kuwa, kafin wata biyu yunwa ta kashe wasu, an sayar da wasu. Kowa ya san tafiyar da za a iya yi jiya ba za a iya yin ta yau ba. Wa da ƙane suka daina cin abinci tare, gaisuwa kawai ta rage a tsakaninsu.

Ana cikin haka sai manzon maigari ya zo da labari cewa kumandan, babban jami'in da ke mulkin yankinmu, zai zo duba famfo. Wanda bai ga zamanin soja ba ba zai gane irin tsoron da ke cikin wannan kalma ba. Manzon ya ƙara da cewa a wani gari an tarar da baƙin man inji ya yi ƙasa, aka ce mai kula da shi sayarwa yake, aka ɗaure shi a rana gaban 'ya'yansa. Ko gaskiya ne ko ƙari, oho. Maigidana dai ya kasa cin abinci.

Ranar da za a zo, Baba ya yi sammako zuwa jana'iza a wani ƙauye, don a lokacin jana'iza ba ta yankewa. Samarin gari suka shiga ɗakin inji da tsintsiya da farar ƙasa. Suka share, suka shafe bango fari fat, suka fitar da duk abin da ya yi musu kama da tarkace. Wani tsohon katako da ya sha maiƙo yana rataye a tsakiyar farin bango, ai ba za a bar kumandan ya gan shi ba. Aka cire, wata ta tsinta ta kai murhu.

Maigidana kuma ya san iyakar da mai ke tsayawa, ba jahilci ya ja shi ba, tsoro ne. Dattawa na tsaye a kansa suna cewa ya ƙara, ya ƙara, gara a tarar ya yi yawa da a ce an sata. Ya cika cikin injin da baƙin mai har ya wuce alama. Akwai wata tukunyar ƙarfe a bakin bututun da injin ke shan iska, wadda ake zuba ɗan mai a gindinta don ta kama datti, ita ma ya wanke ta da esansi ta yi ƙyalli, ya cika ta har baki.

Gab da azahar na ɗauki akushin Baba na nufi famfo. Baƙin akushi ne mai nauyi, na icce mai kauri, tun na ubansa. Wurin a cike yake: mata da tuluna a layi, Fulani da ragowar shanunsu, yara an wanke musu fuska an jera su don tarbar baƙo. Baba ya dawo ke nan, ya shiga ɗakin yana duba farin bangon da mamaki, daidai lokacin da maigidana ya murɗa ƙarfen tayar da inji don a cika tanki. Na durƙusa a bakin ƙofa zan ajiye akushi.

Injin ya tashi da bugunsa na kullum, dum, dum, dum, wanda muke jin sa har cikin barci. Sai bugun ya fara matsowa kusa da juna. Ya matso, ya matso, har ya daina zama bugu ya zama kururuwa guda ɗaya mai hawa sama. Rufin kwano ya ɗauki rawa. Hayaƙi fari mai kauri ya turnuƙe ɗakin ya fito ta kaina.

"Na ruhe gazuwal! Baba, na ruhe!" Muryar maigidana ke nan, da ƙyar na ji ta.

Injin bai ko rage ba. A bayana wuri ya yamutse, shanu suka tsinke, tuluna suka farfashe, kowa ya yi ta kansa. Baba ya cafi ɗansa a wuyan riga ya tura shi waje, yana ce masa ya kori yara daga jikin bango. Maigidana ya wuce ta gefena a guje yana daka musu tsawa. Ni kuwa ina nan bakin ƙofa. Ina durƙushe, akushi a hannu, idona a ƙasa kamar yadda na saba, ba don ladabi ba wannan karon, don ban san inda zan kai shi ba.

Ƙafafun Baba kawai nake gani cikin hayaƙin. Na ga sun tsallake igiyar robar da ke gudu har ba a ganin ta. Na ji ƙarar ƙarfe kan ƙarfe, Baba ya buge tukunyar iska, ta faɗo ta gangaro, baƙin mai ya malale a siminti. Kururuwar ta ɗan sauka, na ce alhamdu lillahi a raina. Sai ta sake hawa, ta wuce inda take da. Injin ya riga ya kai ga man cikinsa.

Ƙafafun suka juya wajen bangon da ƙusa take. Suka tsaya. Suka juya hagu, suka juya dama, suka sake komawa bangon. Ban taɓa ganin ƙafafun Baba sun rasa inda za su ba sai ranar, kuma wannan ya fi ƙarar ba ni tsoro. Daga nan suka juyo suka fuskance ni.

Sai na ji sunana. Sunana na yanka, wanda ko maigidana ba ya faɗa. Wallahi ban san Baba ya riƙe shi ba.

Na ɗaga kai. Ashe yana da tabo a gefen hanci. Ashe idanunsa irin na ɗiyata ta biyu ne. Yana nuna akushin da hannu biyu, yana nuna bakin bututun da ya tsaya tsirara a ɓangarena, igiyar nan na tsakaninmu.

"Zubas! Zubas da shi ki taho!"

In zubar? Tuwon yini guda, a shekarar da ake tone gidan tururuwa don neman hatsi? Hannuna ya san nauyin abin da ke ciki, sai da ya yi gardama da ni kafin ya kife shi a ƙasa. Na miƙe na shiga. Zafi ya doke ni, simintin na rawa a ƙarƙashin tafin ƙafata, ga santsin mai. Ƙaton faifan ƙarfen da ke gefen injin yana juyawa yana layi, kuma ko ni da ban san inji ba na gane in ya fita daga mazauninsa ba bangon da zai tare shi.

"Da gindin! Gindin akushin!"

Na juya shi na kai gindinsa mai zagaye bakin bututun. Kafin ya taɓa, iska ta fizge shi daga hannuna ya manne, har yatsuna suka yi zafi. Ƙarar ta canza, ta zama gurnani. Amma gindin akushi ba sumul yake ba, wani gefe ya bar kafa, iska na shiga tana fito mai tsini. Baba ya miƙo jikinsa ta saman injin mai zafi, ya ɗora hannayensa a kan nawa, ya danna yana murzawa. Na sunkuya na sa ƙirji na taya shi. A nan ne bakin kallabina ya taɓa igiyar, ta warce shi daga kaina cikin ƙiftawar ido. Da ɗaurin ya yi tauri, da ba ni ke ba da labarin nan ba.

Sai wani abu ya fashe. Bututun hayaƙi ne, a ɓangaren Baba, dab da kansa. Na ji kamar an mare ni da faranti, na ga hularsa ta tashi. Hannayensa ba su motsa daga kan nawa ba.

Injin ya fara shaƙewa. Ya yi tari, ya yi tsalle a kan ƙusoshinsa, gudun ya fara rarrabewa har ana iya jin bugu ɗaya-ɗaya. Hannuna ya gaji, na ɗan sassauta, nan take ya ja iska ya zabura.

"Kada ki saki! Ƙarya shikai! Kada ki saki sai ya mutu!"

Na danna da duk abin da ya rage mini. Dum. Dum. Faifan ƙarfen ya yi wani juyi a hankali, ya koma baya kaɗan, ya tsaya. Akushin ya saki bututun da kansa ya faɗo a hannuna, gindinsa da zoben da ƙarfe ya ci.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi. Sai a lokacin na tuna kaina a buɗe yake, a gaban surukina, ga kuma mutane sun fara lallaɓowa. Baba ya riga ni tunawa. Ya juya fuskarsa bango, ya tuɓe babbar rigarsa, ya miƙo ta ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Na lulluɓa na fita. A bakin ƙofa na tarar da wata tsohuwa tana tsince tuwon da bai taɓa mai ba, tana zubawa a gefen zanenta.

Kumandan bai zo ba. Can da rana ta karkata wani ya iso a kan doki ya ce an ɗaga ziyarar, ya wuce Mayahi. Ba wanda ya ko tanka masa, don abin da ke gabanmu ya fi kumandan. Injin ya tsaya, amma ba wanda ya san ko da rai ya tsaya. Tanki babu ko rabi. In wani abu ya karye a cikinsa, kafin a kawo bakanike da kayan gyara daga birni sai an yi makonni, mu kuwa ruwan da ke garin ba zai kai mu jibi ba.

Mutanen da suka kwance kaya saboda maganar Baba suka zo suka zauna a yashi suna kallon ƙofar ɗakin. Ba zagi, ba gori. Da sun zage shi ma da ya fi sauƙi. Shi kuma yana ciki da ɗansa, ya mayar da hularsa ya ja ta har kan kunnuwa, yana jiran ƙarfe ya huce. Ya tsiyaye man da ya yi yawa, ya wanke tukunyar iska ya shanya, ya ɗaure fasasshen bututu da waya. Yana nuna wa ɗansa abu da yatsa, ba ya magana. Maigidana ya ba shi haƙuri ya fi a ƙirga, bai ko dube shi ba. Muka ce fushi ne, kuma ya cancanta.

Baba Ƙarami ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, ka gani ko? Mi na ce maka? Yanzu mi za ka ce ma mutanen ga?"

Baba na durƙushe ya ba shi baya, yana goge wani ƙarfe.

"Magana nike maka, Yaya. Ko ban isa ba?"

Baba ya ci gaba da gugarsa. Ran Baba Ƙarami ya ɓaci iyakar ɓaci. Ya ce tun suna yara haka yake raina shi, to yau an gama. Ya tafi gida ya ɗaura wa jakinsa amalanke, wanda shi kaɗai ya rage a gidan, ya ce wa iyalinsa su ɗora kaya, ko injin ya tashi ko bai tashi ba shi ya bar garin.

Bayan la'asar Baba ya miƙe. Ya miƙa wa ɗansa ƙarfen tayarwa, ya ajiye masa akushin kusa da hannu. Shi kuma ya fito, bai dubi kowa ba, ya je bayan bishiyarsa ya zauna ya jingina, ya ba ɗakin baya, ya rufe ido yana jan carbi. Mutumin da ya tsaya a kan injin yana hauka, ya kasa tsayawa ya ga ko zai tashi.

Maigidana ya murɗa. Injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake murɗawa, haka. Wata mata kusa da ni ta fara salati da ƙarfi. A murɗawa ta gaba ya kama, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya yi ɗingishi, kowa ya ja da baya yana shirin gudu. Sai ya daidaita. Dum, dum, dum. Muka zuba wa bakin famfo ido. Ya yi gurnani, ya feso iska, ya feso jan ruwa, sannan fari.

Guɗar da aka yi ranar ban ƙara jin irinta ba, ko a biki. Maza na kabbara, yara na tsalle cikin kwami, shanun da suka watse suka dawo da kansu. Baba Ƙarami ya jiyo daga gida, ya zo da amalankensa a ɗaure da kaya. Ya tsaya ya kalli ruwan. Sannan ya zagaya bayan bishiya, ni kuma ina kusa, na je ɗaukar tulu.

"To, Yaya. Allah Ya rufa maka asiri. Ni dai na tahi."

Baba bai buɗe ido ba sai da inuwar ƙanensa ta faɗo masa a fuska. Ya ɗaga kai, ya yi magana da ƙarfi fiye da kima.

"Mi suke jira? Ce musu su tada shi mana. In ya mutu a sani."

Injin na bugawa a bayansa, taku kaɗan. Mata na guɗa.

Baba Ƙarami ya daɗe yana kallon sa. Ya durƙusa, ya sa hannu ya ɗaga hular nan da aka ja har ƙasa. Jini ya bushe a kunnuwan duka biyu, ya gangara cikin gemu. Ya kira shi, "Yaya." Ya sake kira da ƙarfi, bakinsa dab da kunnen. Baba na kallon leɓunansa kawai.

Sai ya kama hannunsa ya tayar da shi, ya ja shi kamar yaro har bakin kwami, ya tsoma hannun cikin ruwan da ke zuba. Baba ya dubi ruwan. Ya juya ya dubi hayaƙin da ke fita daga bututun da ya ɗaure, ya karkata kai wajen ɗakin kamar yadda ya saba yi, ya daɗe a haka. Na ga lokacin da ya gane. Bai yi salati ba, bai taɓa kunnen ba. Ya riƙe hannun ƙanensa gam.

"Saurara mini," ya ce. "Daidai shike tahiya? Ba ya tsalle?"

Baba Ƙarami bai san komai a kan inji ba, ko keke bai taɓa gyarawa ba. Ya karkata kai ya saurara da gaske, hawaye na bin fuskarsa, sannan ya gyaɗa kai sosai yadda wansa zai gani. Ya waiwaya wajen iyalinsa da ke tsaye jikin amalanke, ya ce su sauke kayan.

Ba gida ɗaya da ya tashi daga garinmu a wannan farin. Baba kuwa bai ƙara jin sautin komai ba har ya koma ga Mahaliccinsa, ko kiran salla, ko kukan jikokin da aka haifa masa daga baya.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka yafe masa zafinsa, Ka shayar da shi kamar yadda ya tsaya muka sha, Ka jiyar da shi sallamar mala'ikunKa. Amin.